Wa ke da hanya? Yadda alƙalan wasan sofbol ke raba gardamar karo da tare hanya

Ranar Laraba 4 ga watan Yunin shekarar 2025, a filin wasa na Devon Park da ke birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, ƙungiyoyin mata na jami'o'i biyu, Texas da Texas Tech, suka fara karawar ƙarshe ta neman kofin ƙasa a wasan sofbol. An yi zagaye huɗu cur babu ƙungiyar da ta samu ko maki ɗaya. Ana cikin zagaye na biyar sai wata ƴar wasan Texas Tech mai suna Logan Halleman ta zabura daga tasha ta ɗaya ta nufi ta biyu. Nan take Reese Atwood ta Texas, wadda ke tsugune bayan mai bugu tana cafe ƙwallo, ta wurga ƙwallon zuwa tasha ta biyu, inda abokiyar wasanta Leighann Goode ta cafe shi ta taɓa Halleman tun kafin ta ƙarasa. Aka yanke hukunci cewa Halleman ta fita, kuma duk wanda ya kalli abin da idonsa bai ga wurin gardama ba.

Sai dai mai horar da Texas Tech, Gerry Glasco, ya nemi a duba faifan bidiyo. Da aka duba sai hukunci ya juya: aka ce ƙafar Goode tana gaban tashar tun ƙwallon bai shigo hannunta ba, saboda haka ta tare hanya. Aka bar Halleman a tasha ta biyu, kuma jim kaɗan bayan haka Mihyia Davis ta buga ƙwallon da ya ba ta damar rugawa gida, Texas Tech ta shiga gaba da ci 1 da nema.

Wannan hukunci ya tada ƙura matuƙa a tsakanin masu bin wasan, domin ba a yi karo ba, ba wanda ya faɗi, kuma ƙwallon ya riga mai gudu isa. To me ya sa aka ce an yi laifi? Amsar tana cikin wata doka da ake ganin tana cikin mafi wuyar zartarwa a wasan baki ɗaya.

Yadda wasan yake a taƙaice

Da yake yawancin masu karatunmu sun fi sanin ƙwallon ƙafa da kokawa, bari mu ɗan yi bayanin wasan tukuna. Sofbol ɗan'uwan wasan besbol ne, kuma an fara shi a birnin Chicago a shekarar 1887. Kowace ƙungiya tana da ƴan wasa 9 a fili, ana kuma yin zagaye 7. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu ɗayar tana tsaron fili, sannan su yi musanya.

A cikin filin akwai tashoshi uku da wuri na huɗu da ake kira gida, an jera su a kusurwa huɗu, tsakanin kowace tasha da mai bi mata mita 18 da ɗan ɗoriya. Mai jifa tana wurgo ƙwallo ta ƙasan hannu, mai bugu ta doke shi da sanda ta ruga tasha ta ɗaya, daga nan ta biyu, ta uku, har ta dawo gida. Duk wadda ta kewayo gida lafiya ta ci wa ƙungiyarta maki ɗaya. Su kuwa masu tsaro aikinsu shi ne su fitar da mai gudu, ko dai ta cafe ƙwallon a sama, ko ta riga ta kai ƙwallon tashar da ya zame mata dole ta je, ko kuma ta taɓa ta da ƙwallon a lokacin da ba ta kan tasha. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya.

Mata sun yi wasan a gasar Olamfik daga ta Atlanta a 1996 zuwa ta Beijing a 2008, aka sake yin sa a ta Tokyo da aka gudanar a 2021, inda Japan ta ɗauki zinariya, kuma an tsara dawo da shi a gasar 2028. A nahiyarmu ma yana cikin wasannin da aka yi a gasar Afirka ta Abuja a 2003.

Inda matsalar take shi ne ƙanƙantar filin. Ƴar wasa mai sauri tana cinye waɗannan mita 18 cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Ita tana gudu iya ƙarfinta zuwa wata ƴar matashiya da faɗinta bai kai rabin mita ba, mai tsaro ma wurin ta nufa, ƙwallon ma can aka wurgo shi. Mutum biyu da ƙwallo ɗaya a wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido, dole wata rana a yi karo.

Tambayar da alƙali ke yi wa kansa

Idan aka yi karo, ƴan kallo sukan duba wadda ta faɗi ko wadda ta ji ciwo su ce ita aka zalunta. Alƙalin wasa kuwa an koya masa ya yi wa kansa wata tambaya dabam: a daidai wannan lokaci, wa doka ta ba wa wannan wuri? Amsar ta danganta da inda ƙwallon yake, kuma hali uku ne.

Na farko, idan ƙwallon da aka buga da sanda ne yake tafe, mai tsaro kuma tana ƙoƙarin kama shi, to wurin nata ne. Mai gudu ce za ta kauce mata, ko da kuwa mai tsaron tana tsaye a tsakiyar hanyarta.

Na biyu, idan ƙwallon yana hannun mai tsaro, nan ma tana da ikon tsayawa a kan hanya ta jira mai gudu domin ta taɓa ta.

Na uku, idan ba ta riƙe da ƙwallo, ba ta kuma cikin kama wanda aka buga, to hanya ta mai gudu ce. Ko da an wurgo mata ƙwallon yana cikin iska, muddin bai shigo hannunta ba, ba ta da ikon hana mai gudu wucewa.

Daga waɗannan ne laifuffuka biyu suka fito. Wanda mai tsaro ke yi shi ne tare hanya. Wanda mai gudu ke yi kuwa shi ne katsalandan, wato shiga aikin mai tsaro.

Laifin tare hanya

Abin da ya kamata a fara sani shi ne ba sai jiki ya taɓa jiki ake cewa an tare hanya ba. Idan mai gudu ta rage sauri, ko ta karkace, ko ta yi turus saboda wata ta tsaya mata a gaba ba tare da ƙwallo ba, laifi ya tabbata. Haka kuma ba a duba niyya. Ko mai tsaro ta manta ne ta tsaya a wurin tana kallon wani gefe, ko ma faɗuwa ta yi, hukuncin ɗaya ne. Har ila yau, idan ta yi kamar tana riƙe da ƙwallo ta kai hannu za ta taɓa mai gudu alhali hannunta wayam ne, wannan yaudara ma tare hanya ce, domin takan sa mai gudu ta zube ƙasa ba dalili, abin da kan jawo targaɗe ko karaya.

Misali mafi shahara a kan batun niyya ya faru ne a wasan besbol, wanda dokarsa a nan ta yi kama da ta sofbol. Ranar 26 ga Oktoban 2013, a wasa na uku na karawar ƙarshe tsakanin St. Louis Cardinals da Boston Red Sox, Will Middlebrooks na Boston ya faɗi a tasha ta uku garin kama ƙwallon da ya kuɓuce masa, shi kuwa Allen Craig da ya tashi zai ruga gida sai ya yi tuntuɓe da shi. Alƙalin wasa Jim Joyce ya nuna alamar tare hanya nan take. An riga Craig kai ƙwallon gida, amma aka ba shi makin, wasa ya tashi 5 da 4. Middlebrooks yana kwance ne a ƙasa, amma doka ba ta tambayi yadda aka yi ya kwanta ba.

A sofbol, idan alƙali ya ga tare hanya ba ya tsayar da wasa nan da nan. Yakan miƙe hannunsa na hagu gefe guda, ya furta sunan laifin, ya bar wasa ya ci gaba. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan, lokacin da alƙali ya ga an yi wa ɗan wasa ƙeta amma ya bar shi ya ci gaba saboda ƙwallo na ƙafarsa. Idan mai gudu ta isa inda za ta lafiya, shi ke nan, ya sauke hannu. Idan kuwa aka fitar da ita tsakanin tashoshi biyun da aka tare ta, sai ya tsayar da wasa ya ba ta tashar da yake ganin da za ta kai in da ba a tare ta ba.

A nan ne aikin ke ƙara nauyi, domin alƙali zai yi hukunci a kan abin da bai faru ba. Dole ya auna saurin mai gudu, da nisan ƙwallo, da ƙarfin hannun mai wurgowa, ya yanke a ransa cewa da ta kai tasha ta uku amma da ba ta kai gida ba. Kariyar da doka ta ba ta kuma tana da iyaka. In ta wuce tashar da alƙali ya tanadar mata a ransa ta ci gaba da gudu, to ganganci nata ne, in an taɓa ta ta fita.

Laifin mai gudu

Katsalandan kuwa hukuncinsa a take yake. Da zarar mai gudu ta hana mai tsaro kama ƙwallon da aka buga, ko ta bangaje ta ne ko ta gitta mata ta yadda ta ɓata mata aiki, alƙali zai ɗaga hannuwa biyu sama ya tsayar da wasa. Mai gudun ta fita, sauran masu gudu kuma kowace ta koma tashar ƙarshe da ta taka kafin laifin. Dalilin bambancin a fili yake: in an bar wasa ya ci gaba, ƙungiyar da ta yi laifi ce za ta ci riba.

Akwai kuma dokar karo, wadda ita ce ta fi shafar lafiyar ƴan wasa. Idan mai tsaro tana riƙe da ƙwallo tana jira, ba a yarda mai gudu ta taho a tsaye ta banke ta don ƙwallon ya faɗi ba. In ta yi haka ta fita, ko da ƙwallon ya suɓuce. In kuma alƙali ya ga da mugunta ta yi, misali ta sa kafaɗa ko gwiwar hannu, to har korar ta daga wasan zai yi. Abin da ya rage mata shi ne ta zame a ƙasa ta miƙa ƙafa ko hannu zuwa tasha, ko ta kewaye ba tare da ta kauce fiye da kimanin mita ɗaya daga hanyarta ba, ko ta juya baya, ko ta tsaya a taɓa ta.

Mutane da yawa sun ɗauka doka ta wajabta zamewa a ƙasa, har a ji ƴan kallo suna ihu cewa ai ba ta zame ba. A manyan littattafan dokar wasan abin da aka hana shi ne banka, zamewa kuwa ɗaya ce kawai daga hanyoyin kauce mata. Haka kuma tare hanya ba ya zama lasisin ramuwa. Idan mai tsaro ta tsaya a hanya ba ƙwallo, mai gudu kuma ta ga dama ta banke ta da gangan, laifin mai gudun ne zai rinjayi na farko.

Karon da ba laifin kowa

Akwai hali na uku da ya fi ba ƴan kallo haushi, wato a yi karo mai ƙarfi alƙali kuma ya ƙi hukunta kowa. Wannan na faruwa idan kowa na kan aikinsa na halal: mai gudu tana kan hanyarta, aka yi mummunar wurgi da ya janyo mai tsaro cikin hanyar a daƙiƙar ƙarshe, ƙwallo da mutum biyu suka haɗu lokaci guda. Ba wadda ta samu sararin kaucewa. A irin wannan alƙali kan baza hannuwa ya nuna ba komai, wasa ya ci gaba. Sai dai faɗin wannan hali ya bambanta daga littafin doka zuwa wani, domin dokar makarantun sakandare na Amurka dabam, ta jami'o'i dabam, ta hukumar duniya ta WBSC, wadda aka kafa a 2013, ita ma dabam. Alƙalin da ke aiki a gasa iri-iri dole ya san littafin da ake amfani da shi a ranar.

Don rage karo a tasha ta ɗaya, inda mai bugu ke isowa a guje ba tare da rage sauri ba, wasannin ƙasa da ƙasa suna amfani da tasha mai tagwaye: fara a cikin fili domin mai tsaro, mai launin ruwan lemo a waje domin mai gudu. Kowa da wurin taka ƙafarsa.

Shi kansa alƙali ana koya masa inda zai tsaya. A wasan taɓawa ana so ya kasance kimanin mita 3 zuwa 4 daga wurin, a gefen hanyar mai gudu, ta yadda zai ga abubuwa huɗu a lokaci guda: ƙwallo, tasha, mai gudu da mai tsaro. In ya matsa kusa da yawa abin zai cika masa ido, in ya tsaya a bayan ɗayansu jikinta zai kare masa. Sau da yawa kuskuren hukunci daga kuskuren wurin tsayuwa yake farawa.

Dalilin tsaurara doka

A da can, doka ta yi wa mai tsaro sassauci: in ƙwallon ya kusa isowa hannunta, an yarda ta tsaya a hanya. Wannan ya sa masu cafe ƙwallo a gida, waɗanda ke sanye da kariyar ƙirji da ta ƙwauri da hular kwano, suka riƙa toshe gida gaba ɗaya suna jiran ƙwallo, mai gudu kuwa ba ta da abin yi sai ta afka musu. Sakamakon shi ne karaya da buguwar kai.

A besbol abin ya kai maƙura ranar 25 ga Mayun 2011, lokacin da Scott Cousins ya banke Buster Posey na San Francisco Giants a gida, ya karye a ƙafa, jijiyoyin idon sawunsa suka tsinke, bai sake wasa ba a wannan shekara. A 2014 aka kafa dokar da ta taƙaita irin wannan karo. A sofbol na jami'o'in Amurka kuwa, hukumar NCAA ta tsaurara dokar tare hanya a 2018, inda ta hana toshe tasha gaba ɗaya ba tare da ƙwallo ba. A kakar 2024 aka sake gyara lafazin, aka ce laifi ne mai tsaro marar ƙwallo ta toshe kowane ɓangare na bakin tashar da ke fuskantar mai gudu. Wannan lafazi ne ya kama Leighann Goode.

Masu goyon bayan hukuncin sun ce doka doka ce, kuma amfanin layi a fili shi ne mai tsaro ta saba da tsayawa gefe tun farko, ta bar wa mai gudu bakin tasha, sai ƙwallon ya shigo hannu sannan ta rufe. A ganinsu, in aka ce sai an ga mai gudu ta rage sauri kafin a hukunta, to an koya wa ƴan mata cewa su ci gaba da gudu har su yi karo don alƙali ya gani.

Masu suka kuwa sun ce asalin manufar dokar ita ce kada a hana mai gudu isa inda da za ta isa, ita kuwa Halleman ba abin da aka hana ta, tun da ƙwallon ya riga ta. Sun ƙara da cewa mai tsaron da ke rugowa daga wurinta zuwa tasha idonta na kan ƙwallo, ba ta da halin auna inda kowane yatsan ƙafarta ya sauka. Sannan ga batun faifan bidiyo: abin da ido bai ɗauka laifi ba a cikin gudu, in an rage saurin hoto aka tsayar da shi sai ya zama laifi. Masu kallon ƙwallon ƙafa da suka ga an soke ci saboda satar gida ta ɗan yatsa sun san wannan ciwo.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Dokar da ta bar komai ga ganin alƙali takan sa hukunci ya bambanta daga fili zuwa fili. Wadda ta ja layi ƙarara kuma takan hukunta wanda bai cutar da kowa ba. Tsakanin waɗannan biyu masu rubuta dokar ke ta kai da komo, shi ya sa lafazinta ke yawan canzawa.

Yadda wasan ya ƙare

A wancan dare na Oklahoma, makin da aka yi gardama a kansa bai ishi Texas Tech ba. A zagaye na shida, Texas tana da masu gudu a tasha ta biyu da ta uku, sai Reese Atwood, wadda wurginta ne aka soke amfaninsa, ta zo bugu. Texas Tech ta yanke shawarar ba ta tasha ta ɗaya kyauta, wato mai jifa ta wurga ƙwallo huɗu nesa da inda za ta iya bugawa. Mai jifar kuwa ita ce NiJaree Canady, wadda ta yi suna da yarjejeniyar sama da dala miliyan 1. Uku sun wuce lafiya, na huɗun ya matso kusa, Atwood ta kai masa sanda, masu gudu biyu suka shigo gida. Texas ta yi nasara da ci 2 da 1.

Washegari Texas Tech ta rama da ci 4 da 3, amma ranar Juma'a 6 ga Yuni Texas, ƙarƙashin mai horarwa Mike White, ta lashe wasa na uku da ci 10 da 4, ta ɗauki kofin ƙasa karo na farko a tarihinta.

Da Atwood ba ta kai wa wannan ƙwallo sanda ba, mai yiwuwa da wurin da ƙafa ɗaya ta sauka shi ne zai raba wasan farko. Don haka duk ranar da mai karatu ya samu damar kallon wannan wasa, ya ga an yi karo ko an soke fitar da wata, kafin ya ɗora wa alƙali laifi ya fara duba abu biyu: ina ƙwallon yake a lokacin, kuma wa ke tsaye a hanyar wa.